Wasiƙa daga Tawa: don Allah a riƙa gwada tansiyon tsofaffinmu a tsaye

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili, na san wasiƙar ga ta yi tsawo amma ka daure kada almakashinka ya ci ta da yawa, don abin da ya same mu na tabbata akwai gidaje da dama nan Tawa da can Yamai da ke cikin shi yanzu haka kuma ba su da mai gaya musu.

Ni mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, aikin likita ban san shi ba, ɗan abin da na sani a jikin tsohona na koye shi. Baba na da shekara 72, tsohon ɗan kasuwar albasa ne, irin mutanen nan da in ka ce su zauna su huta kamar ka zage su. Cikin sanyin bara, wata safiya shina shan kunu a zaure sai ludayi ya suɓuce mishi, baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta koma kamar ta mai magagin barci. Kafin mu samu mota har gwaggonmu ta fara cewa iska ce ta buge shi a kawo garwashi a yi hayaƙi. Allah ya sa maƙwabcinmu na gida, ya tada mota munka kai shi likita, anka gwada tansiyo, wato hawan jini, anka samu 20/11, ƙirgarmu ta nan ke nan, a Najeriya 200/110 za a rubuta. Shanyewar ɓarin jiki ce, abin da masu faransanci ke ce ma AVC. Da ya ɗan samu kanshi yayana da ke Yamai ya matsa sai an kawo shi can, munka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita sama da 500 da tsoho kwance a bayan mota, anka yi skaner anka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ba fashewa ta yi ba. Anka sallame mu da ordinansi, wato takardar magani, amlodipin, da wata 'yar ƙwaya mai sa fitsari, da aspirin, da wani na kitsen jini. Magana biyu anka yi muna, kada ya bar magani, kada ya ci gishiri. Ni ba na zargin kowa, layin da ke bayanmu ya kai har bakin ƙofa, amma dai ba wanda ya ambaci jiri ko faɗuwa ko sau ɗaya, mu ma ba mu san mu tambaya ba.

Wata biyu komai lahiya lau. Ya fara takawa da sanda, shina jan ƙafar dama kaɗan, har ya koma faɗan farashin buhu da abokanshi a ƙofar gida.

Sai zafi ya shigo, azumi ya shigo tare da shi. Wanda ya san Tawa ya san abin da nike nufi, ranar da za ka taɓa ƙarfen ƙofa ka janye hannu. Baba ya ce tun shina ɗan shekara 14 bai taɓa shan azumi ba kuma ba zai fara da furfura ba. Munka yi munka yi ya ƙi. To tunda ba dama ya sha magani da rana sai ya riƙa haɗa ƙwayoyin duka ya watsa a baki lokacin buɗa baki, har da mai sa fitsarin. Daren goma sha wani abu, wajen ƙarfe 3, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, muna kwance tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa, sai na ji tim, sannan na ji buta ta gangara. Na haska waya na gan shi kwance a bakin makewayi, kai ya bugi siminti, jini na bin gira, sandar na can gefe ɗaya. Abin da ya ce mini kawai, na tashi ne sai na ga duhu a cikin duhu. Anka yi mishi ɗinki huɗu, kwankwaso ya kumbura amma Allah ya tsare bai karye ba.

Da gari ya waye gida ya cika, ka san halinmu. Baffana ya ce maganin nasara ne ya tsotse mishi jini, wata ta ce ai dama duk wanda ya fara ƙwayar tansiyo ya zama bawanta, wani ya kawo labarin tafarnuwa da zoɓo da ganyen zogale. Anka yanke a tsaida maganin har ya warware. Malam Edita, a nan nike so in faɗi laifina da bakina, ni ne ɗan bokon gidan kuma ni na tattara kwalayen na sa a ledar baƙa na ɗora bisa kabad. A raina na ce ai tansiyon ya sauka, me ya rage. Sati uku bai sha komai ba sai ruwan tafarnuwa, ga kuma diklofenak da wani yaro mai tallan magani a kai ke sayar mishi don ciwon kwankwason, maganin da daga baya na ji shi kanshi shina tada tansiyo kuma ba ya shiri da aspirin a ciki.

Wadda ta ceto mu ɗiyar yayana ce, tana karatun likita a jami'ar Abdou Moumouni. Mun yi waya kan wata magana daban, na ce mata ai kakanki mun hutar da shi da ƙwayoyin nan, sai na ji shiru, sannan ta ce Baffa me kunka yi? Yarinyar da na goya. Ta ce yanzu yanzu in kai shi farmasi a gwada. Munka je, 18/10, kuma shina zaune shina raha ba ciwon kai ba komai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Daren ranar na sauko da ledar.

Bayan salla da ta samu hutu ta zo Tawa da na'urar gwaji a jakarta, irin mai pil ɗin nan da ake ɗaurawa a damtse. Lokacin ya koma kan magani kwana goma kuma jirin ya dawo, in ya miƙe sai ya dafa bango. Ta sa ya kwanta minti 5 ta gwada, 13/8, kowa ya ce alhamdu lillahi. Ta ce a dakata. Ta sa ya miƙe tsaye ina riƙe da shi, bayan minti 1 ta sake gwadawa, 10/6, ta ƙara a minti 3, bai hau ba sosai. Ta juyo da na'urar ta nuna mini ta ce ga abin da ya kada shi. Ashe in mutum ya miƙe, jini na gangarawa ƙafafu, mai lahiya jijiyoyinshi na matsewa nan take su maido shi sama, amma tsoho, ga magani, ga jiki ba ruwa saboda zufa da azumi, abin na makara, ƙwaƙwalwa ta rasa jini na ɗan lokaci sai duhu. Ta ce ƙa'idar da likitoci ke bi, in lambar sama ta faɗi da 2 ko ta ƙasa da 1 a ƙirgarmu, wato 20 ko 10 a ƙirgar ɗari, cikin minti 3 da miƙewa, to akwai matsala. Mu kuwa duk gwajin da anka taɓa yi ma Baba zaune anka yi shi ko kwance.

Sannan ta ce a kawo mata duk abin da shike sha, duka, har na ƙarƙashin matashi. Nan munka ga wani abin. Ƙanena da ke bida a Abijan ya aiko da kwali uku na maganin tansiyo ta hannun wani ɗan unguwa, da zuciya ɗaya wallahi, sunan da ke jikin kwalin daban, launin daban, Baba na shan shi a matsayin ƙari don na waje ne ya fi ƙarfi. Ta juya kwalin ta nuna mini ƙananan rubutu a ƙasa, amlodipin ne shi ma. Wato ninki biyu shike sha tun kafin azumi ba wanda ya sani. Ni da nike koya ma yara karatu ban karanta ba.

Na tambaye ta to tunda maganin na iya kada mutum, me ya sa ba za a bar shi ba a huta. Ta ce Baffa faɗuwa ana iya tare ta, shanyewa ta biyu kuwa sau da yawa ba ta barin mutum yadda ta farko ta bar shi. Ta ba ni labarin wani bincike da anka yi a Najeriya da Gana, sunanshi SIREN, ya fito a 2018, ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankinmu na da nasaba da hawan jini. Da wani tun 2001 mai suna PROGRESS, mutum sama da 6,000 waɗanda sunka taɓa shanyewa, waɗanda anka ba maganin sauke tansiyo haɗarin sake shanyewa ya ragu musu da kashi 28 cikin 100, waɗanda sunka sha magani biyu a haɗe ya ragu da kashi 43. Shi ya sa ga wanda ya taɓa shanyewa ake so lambar sama ta tsaya ƙasa da 13, hukumar lahiya ta duniya ma haka ta ce a ƙa'idarta ta 2021 ga masu ciwon zuciya da jijiyoyi. Amma ta ce kada in ɗauki lamba kamar aya. Akwai wani babban bincike na Amurka a 2015, SPRINT, da ya gwada sauke ta ƙasa da 12, an samu amfani, an kuma samu ƙarin masu suma da waɗanda tansiyonsu ya faɗi da yawa, kuma a cikin binciken ba a sa masu shanyewar jiki ba tun farko, to ba za a ɗauko 12 ɗin a ɗora kan kowane tsoho mai jan ƙafa ba. Likita ne zai dubi mutum, shekarunshi, ƙodarshi, yadda shike tsayuwa, ya zaɓa mishi.

Ta kuma ce kada mu jibga ma magani laifin duka, don shanyewar kanta na kada mutum, ƙafa ba ƙarfi, yatsu na kama ƙasa, wani ma ba ya ganin gefe ɗaya bai sani ba. A Ingila an taɓa bin tsofaffin da anka sallama daga asibiti bayan shanyewa, kusan uku cikin huɗu sun faɗi cikin wata 6 na farko, can fa inda akwai kuran da masai na zama. Kuma in sun karye galibi ɓangaren da ya shanye ne ke karyewa, don ta nan suke faɗuwa kuma hannun ba ya iya tarewa. Hukumar lahiya ta duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Mu a nan tsoho ya karye a kwankwaso ai kun san yadda take ƙarewa, mai ɗori, tabarma, gyambo a baya, shi ke nan.

Munka koma wurin likita da kwalayen duka da lambobin da ta rubuta. Wannan karon wani munka samu mai haƙuri, ya sake gwadawa kwance da tsaye da hannunshi, ya ce a ajiye na Abijan, ya rage mai sa fitsarin ya ce da safe za a riƙa sha ba da dare ba, ya hana diklofenak, ya sa anka ɗebi jini don duba ƙoda da gishirin jiki, ya ce mu dawo bayan sati biyu don kwanakin farko bayan an canza magani su ne sunka fi haɗari. Ya ƙara da wata magana da ta sa gabana ya faɗi, wai mai shan aspirin in ya bugi kai, ko da ya tashi garau, in daga baya ya fara ciwon kai mai tsanani ko amai ko yawan barci ko ruɗewa, a kawo shi da gudu ko bayan kwanaki ne, don jini na iya taruwa a hankali cikin kai. Mu ɗinki kawai munka yi munka koma gida.

Gyaran gida bai ci kuɗi ba kamar yadda na zata. Dokin ƙofar makewayi munka fasa shi, wani mai walda ya kafa muna bututun ƙarfe a bango na dafawa, kafinta ya huda kujerar katako anka ɗora bisa ramin don tsuguno da tashi shi ne babban tarkon, munka sayi fitila mai caji da rana ta kwana kunne a hanyar, silifas ɗin roba munka ɓoye su anka saya mishi takalmi mai maɗauri a dunduniya, tsohuwar tabarma mai naɗaɗɗen baki ta koma wurin awaki. Da dare akwai bokiti mai murfi kusa da gado, wannan sai da anka yi rigima, ya ce shi ba jariri ba ne, Inna ce ta san yadda ta yi da shi. In zai tashi kuma sai ya zauna bakin gado tukuna, ya motsa ƙafafu, na ce mishi ya yi salati goma kafin ya miƙe, in ya miƙe ya ƙara goma kafin ya taka, da na ce ya ƙirga minti ɗaya bai kula ni ba amma salatin ya karɓa. Ruwa kuma gora na gefenshi kullum.

Wani kuskuren da munka so mu yi, bayan faɗuwar kowa cewa shike ya kwanta, kada ya motsa, a kawo mishi komai. Mai kine ɗin da ke zuwa, wato mai motsa mishi gaɓoɓi, ya ce in kunka kwantar da shi wata ɗaya ƙafar mai lahiyar ma za ta mutu, kuma jirin ƙaruwa zai yi. Yanzu kullum da safe kafin rana ta yi zafi sai ya tashi daga kujera ya zauna sau goma, jikanshi na ƙirgawa da faransanci shi kuma shina gyara mishi da Hausa, sannan su taka zuwa bakin titi su dawo.

Inda anka sha wuya salla ce. Ka duba, daga sujada mutum ya miƙe tsaye tsam, ba abin da ya kai wannan saurin kawo jirin, kuma sau biyu ina ganin shi shina tangaɗi a sahu na kusa da shi ya tare shi da kafaɗa. Na ce Baba a kai maka kujera masallaci, ya dube ni sama da ƙasa ya ce kujera ta alhazan birni ce masu tumbi. Na rasa yadda zan yi, na je na samu limamin unguwarmu, tsararshi ne, tare sunka yi allo. Liman bai yi mishi wa'azi ba, ya zo hira ne da la'asar, can cikin zance ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mishi ka yi salla tsaye, in ba ka iya ba to zaune, in ba ka iya ba to a kan gefenka. Ya kuma tuna mishi ayar Baƙara da ta ɗauke ma marar lahiya azumi, da maganar ciyarwa ga wanda ba zai iya ramawa ba. Baba bai ce komai ba. Washegari da magariba na ga jikan na bin shi da farar kujerar roba a kai. Abin da na kwashe wata ina faɗa, Liman ya gama shi da kofin shayi ɗaya, shi ya sa nike ganin in ana son maganar ga ta shiga gidaje to a bi ta bakin malamai da gidajen rediyo, da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Zabarmanci, kafin azumi ba bayan an kwashi mutum a ƙasa ba.

Roƙona ga ma'aikatan lahiya, daga manyan lokotoro har majo na ƙauye da masu gwaji a farmasi, na san aiki ya yi muku yawa kuma kayan aiki ba su isa ba, amma wannan ba ya son wani sabon inji, na'urar da ke hannunku ce, minti 3 ne kawai. In tsoho ya zo, balle wanda ya taɓa shanyewa, a gwada shi kwance ko zaune, a tashe shi a sake gwadawa, a tambaye shi kana ganin jiri, ka taɓa faɗuwa, don su ba su faɗa da kansu, kunya suke ji, Baba sai daga baya ya amsa cewa ya taɓa zamewa sau biyu kafin wannan daren bai gaya ma kowa ba. A ce ma iyali su zo da kwalayen duka a leda. A rubuta a jikin kwali wanne ne na safe wanne na dare, ko da zanen rana da wata ne. A kuma gaya musu ƙarara cewa in jiri ya zo, ko zawo da amai, ko zafi ya tsananta mutum ba ya ci ba ya sha, dawowa ake yi a daidaita maganin, kada su tsaida shi da kansu yadda ni na yi. 'Yan uwanmu da ke bida a Abijan da Legas da Libiya kuma, Allah ya saka da alheri, amma ku aiko da kuɗin a sayi abin da ke cikin ordinansi.

Mun haɗa kuɗi mun sayi na'urar tamu, ina rubuta lambobin a wani tsohon kaye na 'yan ajina, layi biyu, zaune da tsaye. Na shekaranjiya 13/8 da 12/8. Malam Edita in da hali ka nemo muna wani likita ya yi rubutu a jaridar ga kan yadda masu tansiyo za su yi da magani lokacin zafi da azumi, zan karanta ma Baba da kaina, don har yanzu shina cewa bana in ya ji ƙarfi zai gwada azumi. A yanzu dai rigimarmu ta koma kan miya, hukumar lahiya ta ce gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, Inna ta rage gishiri da magi da kanwa tana cika albasa, shi kuma ya ce shekara 40 shina sayar da albasa bai taɓa sanin za a hukunta shi da ita ba.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani mushen lakkwal, Tawa